Kurakuran da Sababbin Masu Koyon Damben MMA Suka Fi Yi, da Yadda Ake Zaɓen Gidan Horo

Tun daga watan Maris na 2019, lokacin da Kamaru Usman ya doke Tyron Woodley ya karɓi kambun UFC, babban kamfanin shirya damben MMA na duniya, sannan Israel Adesanya ya tumurmusa Robert Whittaker a ƙasar Ostareliya a watan Oktoba na wannan shekarar, da wuya wata ya wuce wani matashi bai tare ni a nan Birnin Kebbi da maganar yana son fara damben MMA ba. Ina murna da hakan, amma na gaji da ganin yaro ya zo da zafinsa, bayan wata uku kuma in gan shi da hannu rataye a wuya, alhali abin da ya kai shi ga haka shi ne ainihin abin da ya kai ni shekarun baya. Wasan ya haɗa naushi da shuri da bugu da gwiwa, da kaye irin na kokawa, da shaƙa da murɗe gaɓa bayan an faɗi ƙasa. Ƙwararru suna yin turmi uku, kowane turmi minti 5, faɗan kambu kuma turmi biyar, da safar hannu wadda nauyinta bai wuce giram 113 ko kusa da haka ba. Wasan da ke da ƙofofin rauni masu yawa irin wannan ba a shigarsa da ka.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne zaɓen gidan horo saboda an ce can ne ake cin wuya. Wurin da na fara zuwa wani ɗaki ne a bayan garejin kanikawa, an shimfiɗa siririn kafet a kan siminti, an rataye buhun yashi a jikin ƙarfe, bango kuwa cike da hotunan zakaru. Abin da ya ruɗe ni shi ne na ga yara suna fitowa da leɓe a fashe suna dariya, sai na ɗauka nan ne gidan maza. A rana ta uku, ban ma iya tsayuwa daidai ba, kocin ya nuna mini wani ƙato da ya fi ni nauyi nesa ba kusa ba, ya ce, “Shiga mu gani, ko kai ma hoto ka zo ɗauka.” Ban ga naushin ba. Haske kawai na gani, sai ga ni zaune a ƙasa, kunnena yana ƙara. Kocin ya fasa ledar ruwa ya tsiyaya mini a ka, ya ce, “Tashi, faɗuwar gaba asarar namiji.” Na tashi na ƙarasa turmin, aka tafa mini, na koma gida ina jin na zama wani abu.

Da dare amai ya fara. Na yi kusan mako biyu da ciwon kai, hasken waya ma ba na iya kallo, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne in tsaya sallar La'asar in kasa tuna raka'a ta nawa nake. Likitan da ya duba ni ya yi mini faɗa kamar ɗan cikinsa. Ya bayyana mini cewa ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a ƙoƙon kai, duka mai ƙarfi yana girgiza ta har ta bugi ƙashi, kuma ba sai mutum ya suma ba kafin a ce ta taɓu. Idan aka sake bugunta kafin ta warke, tana iya kumbura, wani lokaci har a rasa rai. Ni kuwa na sha naushi ya kai biyar bayan wanda ya kayar da ni.

Ga duk kocin da ke yin haka, ina faɗa da babbar murya cewa zalunci kake yi, kuma hakkin 'ya'yan mutane yana wuyanka. Ƙwauri yana sabawa da bugu, huhu yana sabawa da gudu, amma kai ba ya sabawa da duka. Kowane naushi da ya girgiza shi raguwa yake yi. Hukumomin dambe a Amurka sukan dakatar da ƙwararren da aka sumar na wata ɗaya zuwa biyu ko fiye, mutumin da ake biyansa kuma likita ke tsaye a kansa, kai kuma kana mayar da ɗan shekara 17 fili bayan minti biyu saboda ka zuba masa ruwa a ka. Dokata ga duk wanda nake taimaka wa ita ce babu dukan kai da ƙarfi a wata shida na farko. Ana gwaji, amma da babbar safa ta masu damben boksin mai laushi, da sassauci irin wanda mutum zai iya magana yana yi, kuma duk ranar da wani ya ce ya ga jiri, ya gama na wannan rana da na kwanakin da ke biye har sai likita ya sallame shi. Wasu suna cewa na cika tsoro. Su faɗa.

Saboda haka, kafin ka ba kowa kuɗinka, je ka zauna ka yi kallo sau biyu, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ka kalli zakaran gidan. Kalli yadda yake yi idan an haɗa shi da sabon shiga. Idan yana rage ƙarfi, yana tsayawa ya gyara wa yaron ƙafa, gidan yana da tarbiyya. Idan kuwa ya mayar da shi buhu, kocin yana gefe yana danna waya, ɗauki takalminka. Ƙirga mutanen da suka shekara biyu ko fiye a wurin, domin gidan da kullum sababbin fuska ne, tsofaffin suna can suna jinya. Taka shimfiɗar da ƙafarka ka ji kaurinta, ka shinshina ta, ka tambaya yaushe aka goge ta. Sannan ka tambayi kocin, cikin ladabi, a ina ya koya kuma wa ya koya masa. Malamin kirki yana jin daɗin wannan tambaya, zai ma ja ka da labarin malamansa har ka gaji. A jiujitsun Burazil, salon kamu da shaƙa a ƙasa da Royce Gracie ya ci gasar UFC ta farko da shi a birnin Denba a 1993, mutum yakan yi shekara goma ko kusa da haka kafin ya ɗaura baƙin bel, wato ɗamarar da ke nuna ya ƙware, don haka wanda ya ce maka ya samu nasa a shekara biyu ka san da wa kake magana. Biya kuɗin wata ɗaya kawai a farko, ko da an yi maka ragi a na shekara. Kuma ka fifita wurin da za ka iya zuwa sau uku a mako ba tare da kuɗin kabu-kabu ya karya ka ba.

A garuruwanmu ba kasafai ake samun gida guda da ya haɗa komai ba, kuma wannan bai kamata ya hana kowa farawa ba. Ni na fi son yaro ya yi shekara ɗaya a hannun malamin boksin ko na judo na gaske, irin waɗanda ke atisaye a filin wasa da sassafe, a kan ya je wurin wanda ya rubuta MMA a allo alhali bai ƙware a ko ɗaya ba. Adesanya ya daɗe yana damben shuri da naushi kafin ya shiga UFC. Usman kuwa ɗan kokawa ne, ya ci kambun kokawar jami'o'i mataki na biyu a Amurka a 2010, da ita kuma ya riƙa danne mutane. Wannan ya kawo ni ga abin da ke ba ni haushi: yaro ɗan Argungu ko Kamba, wanda ya tashi yana kallon kokawa, ga Dosso da Gaya a maƙwabta inda ake ji da gasar takobi, sai ya raina abin gida yana neman na waya. Ɗan kokawa ya riga ya san yadda ake dasa ƙafa, da yadda ake jin nauyin mutum a hannu, abin da wasu ke shekaru suna nema. Gyaran da yake buƙata shi ne ya san cewa a kokawa kaye ne ƙarshen wasa, a nan kuwa daga kaye ake fara sabon babi, kuma wanda ya juya baya don ya tashi ya miƙa wuyansa ga shaƙa. Ɗan damben gargajiya shi ma ya zo da zuciya da sanin tazara, amma ya saba da hannu ɗaya ɗaure da zare yana jiran kisa, ƙafarsa ta gaba a miƙe, wadda masu shuri za su yi ta sara har ta ƙi ɗaukarsa.

Kuskure na biyu da na biya da jikina shi ne ƙin yin saranda. A wannan wasa, idan an kama hannunka ko wuyanka kamun da babu fita, sai ka bubbuga jikin abokin karawarka ko shimfiɗa, ko ka yi magana, nan take ya sake ka ku koma farko. A gida na biyu da na koma, wanda ba ni da abin zargi a kansa, aka haɗa ni da wani siririn yaro ɗan makarantar sakandare. Ya nannaɗe hannuna tsakanin cinyoyinsa, ya kwanta da baya, ya fara ɗaga ƙugu a hankali. Har cewa ya yi, “Yaya, ka buga mana.” Na ji shi sarai. Amma akwai mutane a gefe, ni kuma ina ganin na girme shi da shekara takwas, sai na cije na ce bari in fizge. Ƙarar da gwiwar hannuna ta yi kamar an karya ɗanyen rake. Yaron ya sake ni ya riƙe kai yana salati, shi da ba shi da laifin komai.

Na ƙara wauta a kan wauta, na tafi wurin mai ɗori ya ja hannun yana cewa targaɗe ne, sai da kumburi ya ƙi sauka na je asibiti aka gano jijiyar da ke riƙe gaɓar ce ta yage. Wata biyar ban yi atisaye ba, kuma har yau idan hunturu ya shigo hannun yana tuna mini. Bubbugawa biyu da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba ita na ƙi yi. Ku ji ni da kyau, samari: babu wanda ke rubuta sunan wanda ya yi saranda a wurin atisaye, kuma duk zakaran da kuke kallo ya yi ta sau ɗaruruwa kafin ku san sunansa. Shaƙar da ta toshe jijiyoyin jini na gefen wuya tana sumar da mutum cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, ƙarfin hali kuma ba ya buɗe jijiya. Al'adata yanzu ita ce ina bugawa tun kamun ya zauna, ba na jiran zafi, sannan in ce wa wanda ya kama ni ya nuna mini ta inda ya shigo. Wanda ya yi kamun shi ma ya ja a hankali, musamman murɗe diddige, wanda ke lalata gwiwa kafin mutum ya ji ciwo. Murɗe diddige kam ba na barin sabon shiga ya taɓa shi sam.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rai. Yanke farcenka kafin ka zo. Sayi robar kare haƙora kafin ka sayi gajeren wando mai tambarin UFC. Kada ka taka shimfiɗa da takalmi, kada kuma ka shiga bayi ba takalmi ka dawo kanta. Idan makero ya fito maka, zauna a gida ka yi magani, domin mutum ɗaya yana iya raba wa gida duka, kuma ka yi wanka da sabulu da zarar an tashi. Salon juyi da tsalle da ka gani a YouTube ka bar shi a can tukuna. Leon Edwards ya sumar da Usman a turmi na biyar a 2022 da shurin hagu wanda ya ɓoye a bayan naushi, abin da ake koyarwa tun shekarar farko. Ɗaga ƙarfe yana da amfani, amma wanda ya cika ƙirji bai yi gudu ba, minti biyu ya ishe shi ya fara haki. Wanda kuma ya koyi kamu biyu ya tafi gwadawa a majalisa ko wurin kallon ƙwallo, ni ba na sake horar da shi.

Tiramadol ba zan sa shi cikin ƙanana ba. Na san ana sha kafin gwaji don kada a ji duka, amma ciwo shi ne ɗan saƙon da ke gaya maka ka tsaya, kuma ƙwayar tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa ta da dukan kai ganganci ne tsantsa.

Haka batun rage nauyi da ƙishirwa. Yara suna ganin ƙwararru suna matse ruwan jikinsu don su hau sikeli a kilo 70 ko 77, sai su sa rigar leda su fita gudu da rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40. A watan Disamba na 2015 wani matashi ɗan Sin mai suna Yang Jian Bing ya mutu a Manila yana wannan rage nauyi, har kamfanin ONE mai shirya faɗan ya sauya dokokinsa. Sabon shiga ba shi da sikelin da zai hau, don haka ya ci tuwonsa ya sha ruwa. A bazara ni bayan sallar Asuba nake atisaye ko bayan La'asar sakaliya, da azumi kuma sai bayan Tarawihi, shi ma maimaita salo kawai ba gwaji ba.

Daga ƙarshe za a zo maka da tayin faɗa, wataƙila tun ba ka yi wata huɗu ba, a ce akwai taro kuma za a ba ka wani abu. Ni ba na yarda yarona ya hau sai ya shekara yana zuwa ba fashi, kuma sai na san nauyin abokin karawar da yawan faɗan da ya yi, na san wane ne alƙalin wasa, na ga likita da motar asibiti da idona a wurin. Sai kuma mahaifinsa ya sani. Akwai yaron da ya ce mini ya gaya wa Baba, na ce to mu je in gaishe shi, muna isa ƙofar gida ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, “Malam, bari dai sai gobe.”