Yadda ake lallashin tsoho mai ciwon mantuwa da waƙa

A gidanmu na Birni, nan Damagaram, kakarmu ta kai inda ba ta gane jikokinta, amma ranar da aka buga luguden gero a tsakar gida sai ta ɗauko waƙar daka tun daga tushe, ba ta tsallake baiti ba. Abin da muke kira gigin tsufa sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon mantuwa. Wurin da ke riƙe waƙa a ƙwaƙwalwa yana cikin waɗanda cutar ke jinkirin taɓawa.

Da farko ku nemo waƙar da ta dace, nan aikin yake. Abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi zama daram a ransa, don haka ku tambayi tsararrakinsa. Tsohuwa a gwada mata waƙar gaɗa, ta niƙa ko ta reno. Manomi gangar noma, mahauci kalangu, wanda ya tashi kusa da fada kuwa algaita da kakakin hawan Sallah. Wani dattijon bai taɓa son kiɗa ba, bege ko ƙira'a kawai ke sanyaya masa rai. Kada a tilasta masa.

Sai a zaɓi lokaci. Rikicewa ta fi tasowa daga la'asar sakaliya zuwa magariba, ku riga ta. A kashe telebijin, yara su tafi zaure, ku zauna inda yake ganin fuskarku, ku kunna waƙa ɗaya a salula, murya ƙasa-ƙasa. A ganina in kun rera da bakinku ya fi, ko da muryar ta gardi ce.

Daga nan ku zuba ido. Leɓe na motsi, ƙafa na bin kiɗa? Ku ci gaba, minti 15 ma ya isa. In ya ɗaure fuska ko ya fara neman tashi, ku kashe nan take, wataƙila wani mamaci waƙar ta tuno masa.

Kada ku ce "Inna, kin tuna wannan?" Jarrabawa ce, kunya take sa ta. Ku ce "Inna, ga waƙarku ta dandali."

Waƙa ba ta warkar da ciwon, a ci gaba da magani. In kuwa ruɗewar ta ƙaru dare ɗaya, musamman da zazzaɓi, a kai shi likita a ranar.