Yadda ake auna tasirin masanin nazariyyar ƙwayoyin zarra daga ambaton ayyukansa

Idan mai bincike ya dogara da takardar wani, ya sa ta a jerin madogararsa, an ce ya ambace shi. Wannan ambato ne ake ƙirgawa idan ana son sanin nauyin masani a fagen fiziks na ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta. Samo adadin ba ya ɗaukar minti biyar. Gane abin da yake nufi shi ne aikin.

Mataki na farko, ka shiga shafin INSPIRE, ka bar Google Scholar, manemin takardun ilimi na Google, tukuna. INSPIRE rumbu ne na wannan fage, kyauta ne, kuma cibiyoyin binciken fiziks irin su CERN da DESY da Fermilab ne ke kula da shi. Ya gaji tsohon rumbun SPIRES a 2012. Abin da ya sa ya fi dacewa shi ne masanan wannan fage kan fara ɗora takardunsu a arXiv, rumbun takardun bincike na intanet wanda Paul Ginsparg ya kafa a 1991, tun kafin mujalla ta buga su. INSPIRE na haɗe takardar arXiv da ta mujalla su zama guda, ba a ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Na biyu, ka tabbatar mutumin da kake nema ne. Suna kan zo ɗaya, don haka ka duba jami'o'in da ya zauna da lambarsa ta ORCID, wato lambar shaida da ke bambance mai bincike da masu irin sunansa.

Na uku, tacewa, kuma a nan ake yawan ruɗuwa. Ka kunna maɓallin da ke cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. Sannan ka taƙaita jerin ga takardun da marubutansu ba su wuce goma ba. Masanin nazariyya kan yi rubutu shi kaɗai ko da mutum biyu zuwa uku, amma wani lokaci sunansa kan shiga rahoton taron dangi, ko babban kundin bita da ake ambata dubban sau, adadinsa ya kumbura ba da guminsa ba. Akwai takardar haɗin gwiwar ATLAS da CMS, manyan rukunan masu gwaji biyu na CERN, ta 2015 da ke ɗauke da sunaye sama da 5,000. Wani abu kuma: a wannan fage bisa jerin haruffa ake jera sunayen marubuta, saboda haka zuwan suna a farko ba ya nufin shi ne jagora.

Na huɗu, ka duba ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005. Idan an ce h na mutum 40 ne, yana da takardu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Ma'aunin na da amfani wajen kwatanta tsararraki biyu masu aiki a reshe ɗaya, iyakarsa ke nan. Kwatanta wanda ya gama digirin digirgir shekara biyar da suka wuce da wanda ya shekara talatin yana rubutu zalunci ne. Ma'aunin kuma ba ya ganin wanda ya yi kaɗan mai nauyi. Peter Higgs bai wallafa takardu da yawa ba bayan aikinsa na 1964, ga shi a 2012 an gano a CERN ƙwayar da ya yi hasashe, ya raba lambar Nobel da François Englert a 2013.

Na biyar, ka buɗe jadawalin ambato shekara-shekara na manyan takardunsa uku ko huɗu. Ni a ganina wannan ya fi duk lambobin baya faɗin gaskiya. Takardar Steven Weinberg ta 1967, wadda ta haɗa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da rarraunan ƙarfin nukiliya, ta yi shekaru kusan ba mai waiwayarta, sai da Gerard 't Hooft ya nuna a 1971 cewa lissafin irin wannan nazariyya na tsayawa da ƙafarsa. Daga nan ambato ya ɓarke. Akasin haka ya faru a Disambar 2015, lokacin da aka ga wata alama da aka zaci ta sabuwar ƙwaya ce a ma'aunin makamashi na 750 GeV a CERN. Ɗaruruwan takardu suka fito suna fassara ta, suna ambaton juna, zuwa Agustan 2016 ƙarin bayanai suka nuna babu komai a wurin. Ambaton yana nan a rumbu har yau. Takardar Juan Maldacena ta 1997 kuwa, wadda ta haura ambato 20,000, kowace shekara sai an ƙara mata ɗaruruwa. Irin wannan dogon numfashi kake nema, ba tashin gwauron zabi na wata shida ba.

Na shida, ka zaɓi takardu goma daga waɗanda suka ambace shi, ka buɗe, ka nemi inda sunansa ya fito. Idan a gabatarwa ne, cikin jerin lambobi ashirin da aka jefa a ƙarshen jimla ɗaya, gaisuwa ce kawai aka yi masa. Idan a tsakiyar lissafi ne, an ɗauki dabararsa ana gini a kai, ko masu gwaji sun sa hasashensa a zanen sakamakonsu suna gwada shi, ka rubuta wannan daban. Ka kuma lura da ko masu ambaton ɗalibansa ne da abokan aikinsa, ko baƙi ne daga wasu cibiyoyi da ba su taɓa rubutu tare da shi ba.