Darasi na 9: Ƙofofin Zuciya da Hoton da Ake Yi Musu

Duk wanda ya taɓa kai keke wurin mai faci ya san bawul. Ɗan ƙaramin abu ne a jikin tubu: iska ta shiga, ba ta komowa. Ranar da ya lalace kuwa, komai bugun famfo, kafin a kai bakin titi tayar ta sace. A ƙirjin kowannenmu akwai irin wannan bawul har guda 4. A darasin nan za mu kira su ƙofofin zuciya.

Karatu na farko

Zuciya tana da ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. Jini yakan shiga ɗaki, ya wuce na gaba, ya fita zuwa huhu ko zuwa sauran jiki. A bakin kowace mafita akwai ƙofa mai ƙyaure mai laushi, wanda ta gefe ɗaya kawai yake buɗewa. Uku daga cikin ƙofofin ƙyaure uku-uku gare su. Ta huɗun mai ƙyaure biyu ce, tana ɓangaren hagu, likitoci na ce mata mitiral. Ku riƙe sunan nan, domin ita ta fi wahalar da mutanenmu.

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kusan sau 100,000 ke nan a kwana. Sautin da uwa ke ji idan ta kara kunne a ƙirjin ɗanta, ƙarar rufewar ƙofofin nan ce.

Ƙofa takan lalace ta hanya biyu. Ko dai ta yi tauri ta matse, jini ya riƙa kutsawa da ƙyar, ko kuma ta ƙi rufuwa ruf, jini ya riƙa yoyo yana komawa baya. Wani lokaci ƙofa ɗaya ta haɗa duka biyun.

A ƙasashen Turai tsufa ne ya fi kawo wannan ciwo. A wajenmu kuwa sau da yawa tun yarinta ake shuka shi, kuma da abin da aka raina: ciwon maƙogwaro. Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, yana wucewa da kansa. Amma akwai wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa, ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Yaro ya yi zazzaɓi, haɗiyar yawu ta gagara, kaluluwa ta fito a wuya, alhali ba tari ba majina. In ba a yi magani ba, bayan mako 2 zuwa 3 sai wasu yaran su tashi da kumburin gwiwa, ya bar nan ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. Garkuwar jiki ce ta rikice, wajen yaƙar ƙwayar cutar ta afka wa gaɓoɓi da ƙyauren zuciya. Gaɓoɓi suna warkewa sarai. Ƙyaure kuwa tabo yake yi.

A nan ne muke kuskure. Yaro ya ce wuyansa na ciwo, sai a ce belu ne, a kira wanzami. Gwiwa ta kumbura, a ce sanyi ne. Cire belu ba ya kashe ƙwayar cutar nan. Abin da ke kashe ta fenisilin ne, allura ɗaya ko ƙwayoyi na kwana 10 cif, bisa umarnin ma'aikacin lafiya.

Shekaru suna iya shuɗewa shiru. Sannan a fara haki wajen ɗibar ruwa ko hawan tudu, ƙafafu su kumbura, gaba ya riƙa faɗuwa, mutum ya kasa kwanciya sai ya tara matashin kai biyu ko uku. Mata da yawa sai sun sami ciki abin ke bayyana, saboda jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, matsattsiyar ƙofa kuma ba ta iya ɗaukar wannan kaya.

Karatu na biyu

Likita yakan fara da kunne. Ya ɗora abin sauraren ƙirji, in ya ji wani huci tsakanin bugu da bugu, sai ya yi zargin ƙofa. Amma kunne na da iyaka. A wani bincike da aka wallafa a 2007, an duba 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya, sai hoton zuciya ya gano masu ciwon kusan ninki 10 na waɗanda aka gano da saurare. Gani ya kori ji.

Hoton ana ce masa eko. Ɗan'uwan sikanin ɗin masu ciki ne: na'ura tana aika wani sauti da kunnen mutum ba ya ji, ya bugi zuciya ya dawo kamar amsa-kuwwa, kwamfuta ta mai da shi hoto mai motsi. Wani likita mai suna Inge Edler da abokin aikinsa Hellmuth Hertz ne suka fara gwada shi a garin Lund na ƙasar Suwidin a 1953, kuma ƙofar mitiral ɗin nan ce ta dame su. Yau ana yin eko a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Mutum biyu su karanta wannan hira da ƙarfi.

Uwa: Likita, wannan hoton ba zai ƙona mini yarinya ba?

Likita: Ko kaɗan, Inna. Ba wuta, ba allura, ba yanka. Za ta kwanta ta gefen hagu, a shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji, a ɗora kan na'urar.

Uwa: Ranka ya daɗe, sai ta zo ba ta karya ba?

Likita: Ta ci abincinta. Abin bai fi minti 30 zuwa 45 ba.

Uwa: To budurwa ce, tana jin nauyi.

Likita: Za a rufe ta da zane, ke ma ki zauna kusa da ita.

A allon na'urar ana ganin ƙyaure yana buɗewa yana rufewa. Ana kuma ganin launin ja da shuɗi. Kada wannan ya tsorata ku: ja jinin da ke tahowa wajen kan na'urar ne, shuɗi wanda ke tafiya nesa da shi. Da launukan nan likita ke gane inda yoyo yake da yawansa.

Akwai wasu gwaje-gwajen. Hoton ƙirji na eksire yana nuna ko zuciya ta yi girma, ko ruwa ya taru a huhu, amma ba ya nuna ƙyaure. I-si-ji, wanda ake manna wayoyi a ƙirji, tsarin bugu yake aunawa. In eko na waje bai fito sosai ba, akan zura siririn kan na'ura ta maƙoshi don a leƙo zuciya ta baya. Wannan kam sai an yi kamar awa 6 ba ci ba sha.

Karanta takardar sakamako

Da Turanci ake rubuta ta, amma lambobi ba su da yare. Ku nemi abu uku. Na farko kwanan wata. Na biyu faɗin ƙofa: mitiral mai lafiya tana da murabba'in santimita 4 zuwa 6, in ta sauko zuwa 1.5 ko ƙasa da haka, matsewar ta yi tsanani. Na uku haruffan EF, wato kason jinin da ɗakin hagu na ƙasa ke turawa a bugu ɗaya. Kashi 55 zuwa 70 cikin 100 shi ne daidai. Sai dai ana iya samun EF mai kyau alhali ƙofa na yoyo, don haka fassara ta likita ce.

Ni a ganina takardar nan ta cancanci adana irin na takardar gona. A sa ta a leda, a tafi da ita duk ranar asibiti, domin sai an jera hoton bara da na bana ake sanin ko ƙofar tana ƙara matsewa. Daga nan likita ke yanke shawara: ko magani ya isa, ko a buɗa ƙofar da balan-balan da ake zurawa ta jijiyar cinya, ko a yi tiyata a gyara ta ko a sauya ta. Wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe zai sha maganin hana daskarewar jini iya rayuwarsa. Yaron da ya taɓa yin zazzaɓin gaɓoɓin nan kuwa, allurar fenisilin ake yi masa duk mako 3 ko 4, shekaru a jere, ko da yana wasa garau.

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: ƙyaure, yoyo, haki, maƙogwaro, eko.
2. An yi wa yarinya allura ranar 3 ga Maris. Za ta koma bayan mako 4. Wace rana ke nan?
3. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, abokin zamanka ya duba agogo. Ƙirga bugun na minti ɗaya, ka rubuta lambar a littafinka.