In an dawo da mara lafiya gida bayan aikin canjin gwiwa

Mu da muka yi jinyar Hajiyarmu, abin da zan fara faɗa muku shi ne tausayi na iya ɓata aikin nan. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce "Hajiya ki kwanta ki huta", alhali tun a asibiti, ranar aikin ko washegari, ake miƙar da mutum ya taka da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu. Gwiwar da aka bari a kwance sandarewa take yi, kuma wallahi wahalar dawo da ita ta fi zafin motsa ta yanzu.

Don haka kullum a ɗaga ta ta ɗan zaga tsakar gida, a yi atisayen da mai fisiyo, wato ma'aikacin asibiti mai koyar da motsa gaɓoɓi, ya nuna, miƙewa da lanƙwasawa, ko tana hawaye a lallaɓa ta, mu dai mukan ba ta maganin ciwon da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin a fara. In za ta kwanta filo ƙarƙashin dunduniya ake sawa, kar a cusa shi ƙarƙashin gwiwar duk da ya fi daɗi, don shi ke hana ƙafar miƙewa sosai.

Kumburi kuwa ƙanƙara ce maganinsa, a naɗe a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, in babu wuta a saya a ajiye a kula. Dan Allah banda gashi da ruwan zafi, banda man zafi a kan ɗinki, banda kiran mai ɗori, wannan ba karaya ba ce.

Tun kafin sallama a gyara banɗaki, masan tsuguno ba zai yiwu ba, a nemo kujera mai rami. A kwashe tabarmi da ledar da ke santsi daga hanya, salla kuma a kan kujera. Wajen wanka da alwala a kiyaye ruwa ya taɓa ciwon har a cire ɗinki, yawanci kwana 10 zuwa 14.

Maganin hana daskarewar jini kar a yi fashinsa. In kun ga sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi, ko ciwon ya yi ja yana fidda ruwa, a koma asibiti ranar. In numfashi ne ya sarƙe ko ƙirji ke ciwo, ko tsakar dare ne a nemi mota.