Yadda Matashi Zai Riƙe Abin Yi Idan Annoba Ta Rufe Kasuwa

Lokacin da aka kafa dokar hana fita a Kano a watan Afrilun 2020 saboda annobar korona, waɗanda suka fi jin jiki su ne matasan da sai sun fita suke samun na tuwo, irin su yaran shago a Kantin Kwari da direbobin adaidaita sahu da malaman makarantun kuɗi da albashinsu ya tsaya cak.

Shirin yana farawa ne tun kasuwa tana ci. Ka tattara lambobin wayar abokan cinikinka, domin ranar da aka garƙame shago, WhatsApp ne zai zama rumfarka. Ka ɗauki hoton atamfa ko shadda da hasken rana, ka rubuta farashi da yawan yadi a ƙarƙashinsa, domin mai saye ba ya son doguwar tambaya, balle wanda shi ma aljihunsa ya yi sanyi.

Daga nan ka duba abin da halin da ake ciki ya sa ake nema. Teloli da yawa sun rufa wa kansu asiri lokacin korona da ɗinka takunkumin fuska daga ƙyallayen da a da ake sharewa a zubar.

Batun rance kuwa yana buƙatar natsuwa. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL domin magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, amma bashi ne da za a biya. Ka tanadi lambar BVN da asusu mai sunanka, kuma duk wanda ya nemi kuɗi domin ya sa sunanka cikin masu samun rance, ka rabu da shi.