Sabon fenti, tsohon danshi: inda masu sayen gida a Accra ke tafka kuskure

Yanzu sana'a ce a Accra: mutum ya sayi tsohon gida a Madina ko Adenta ko Ashaiman, ya zuba masa ma'aikata wata biyu, a shafa fenti, a shimfiɗa tayil, a ɗaura silin POP mai fitilu, sai ya yanka masa farashi da dala. Akwai masu tsoron Allah da ke gyara na gaske. Amma da yawa kwalliya kawai suke yi, kyan ɗan maciji.

Babban kuskure shi ne zuwa ganin gida da rani. A watan Janairu na raka yayana wani gida da dillali ya yi ta kurantawa. Ko'ina fes, ƙamshin fenti na tashi. Da muka fito sai muka tsaya wurin wata dattijuwa mai koko da ƙosai a bakin layin, muka gaisa. Yaya ya ce, “Inna, ya unguwar nan da damina?” Ba ta ce komai ba, sai ta nuna mana katangarta. Ga shatin ruwa nan, layi guda ruwan ƙasa, ya kusa kai gwiwa. Katangar gidan da muka je gani manne take da tata, amma ita fara sol. Mai sayarwa yana iya fente nasa bangon, ba ya iya fente na maƙwabta. Saboda haka ka zaga layin da ƙafa, ka dubi zurfin kwata, ka ga ko tsakar gidan ta fi titi ƙasa. In da hali ka dakata sai Yuni, lokacin da ruwan Accra ya fi ƙarfi, ka koma washegarin ruwa. Wanda ya ga ambaliya da gobarar da suka auku a Circle, cikin garin Accra, ranar 3 ga Yuni 2015 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Danshi ma haka ake ɓoye shi. In ka ga an manna tayil a gindin bango zuwa ƙugu, ciki ko waje, kar ka ɗauka ado ne tukuna. Gidan da ba a shimfiɗa masa leda a tushe ba, bulo yana tsotsar ruwan ƙasa kamar lagwani, fenti ya kumbura, wani farin gari mai kama da kanwa ya fito. Tayil ba ya maganin wannan, sai dai ya kora danshin sama da shi. Ɗora tafin hannunka a bangon daidai inda tayil ya ƙare. In ka ji sanyi, ko ka danna fenti ya ɓurma, to ka gano. A ja kujera, a buɗe durowar kicin ta ƙasa, ka sa hanci.

Tayil ɗin ƙasa kuwa, ƙwanƙwasa shi da makulli. Wanda ya zauna daram ƙararsa a toshe take, wanda aka ɗosana wa siminti a kusurwa huɗu sai ka ji kamar ganga. A banɗaki ka kwarara bokiti guda ka ga inda ruwan ya nufa.

Silin yana ɗauke wa mutane hankali har su manta akwai rufi a samansa. Nemi tsani da tocila a leƙa. Katakon da gara ta ci, kwanon da ya yi tsatsa, ramukan ƙusa da rana ke shigowa ta ciki, duk suna can.

Wuta ita ce mai kisa. Sau da yawa soket da makunni ne sababbi, wayar ciki tun ta mai gidan farko ce. Ka zo da mai wayarin naka, wanda ke da lasisin Energy Commission, hukumar makamashi ta Ghana, ya kwance soket biyu ko uku, ya duba akwatin fis da wayar da ta shiga ƙasa. A tambayi bashin mitar ECG, wato kamfanin wutar lantarki, da na ruwa.

Gidan da aka ɗora wa bene daga baya, ni dai ba na shiga cinikinsa sai injiniya ya gani. Tushen da aka haƙa don hawa ɗaya ba ya ƙara ƙarfi don an canza mai gida. Tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga, ko da an cike ta da filasta, tana barin tabo in ka haska tocila ta gefe. A nuna maka takardar izinin gini daga asambuli, wato ƙaramar hukuma, kuma ka je Lands Commission, hukumar filaye, da kanka ka bincika sunan wa ke kan filin da shekarun da suka rage a yarjejeniyar hayar filin.

'Yan uwanmu na Jamus da Amurka su aka fi ci, don bidiyon WhatsApp suke saye, cinikin biri a sama. In ba za ka zo ba, wakilta wanda ba shi da kaso a la'ada.

Dillalin Yaya ya kira shi sau uku a daren nan, wai wani Alhaji zai biya da safe. Da na bi ta layin bayan Sallah, allon sayarwa na nan rataye a ƙofa, gindin katangar ya fara ɓarewa.