Hatsarin babur a Maradi: kurakuran da ke sa mai rauni ya rasa diyya

Mutane da dama tun a bakin titi suke zubar da haƙƙinsu, kafin ma a kai su likita. Ɗan kabu-kabu ya yi karo da mota, jama'a sun taru, nan take an tashi babur an jingine shi a gefe. Wani dattijo ya ce, "Ƙaddara ce, 'ya'yana, ku yafe wa juna." Mai mota ya zaro jika biyar na magani, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana uku ƙafa ta kumbura, hoto ya nuna ƙashi ya tsage, ga shi ba a san ko sunan direban ba.

Yafiya abu ne mai kyau, amma ba a yin ta kafin a san girman raunin. A bar babur da mota inda suka tsaya har a zo a yi konsta, wato jami'ai su duba wurin su rubuta yadda hatsarin ya faru. Cikin gari 'yan sanda ne, lambarsu 17. Idan a hanyar Ɗan Isa ne ko ta Tasawa, jandarmomi ne. 'Yan kwana-kwana masu ɗaukar mai rauni kuwa 18 ake kiran su. Kafin su iso, wani ya ɗauki hoton wurin da waya, da lambar motar, da takardar asiransinta, ya kuma karɓi lambar wayar mutum biyu da suka ga abin. Rahoton da jami'ai za su rubuta shi ne ginshiƙin neman diyya.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na wanda kansa ya bugu, ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau. Jini kan taru a hankali cikin ƙoƙon kai, mutum yana magana da hankalinsa, bayan 'yan awoyi sai amai, barci mai nauyi, ruɗewa. Duk wanda ya suma, ko da na ɗan lokaci ne, a kai shi babban asibiti a ranar. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a cicciɓe shi a ɗora a wani babur, kada kuma a fizge masa hular kwano.

Sai batun mai ɗori. Jama'a sun yarda da su, kuma sun fi sauƙin kuɗi. To amma karayar da ƙashi ya huda fata tana buƙatar wanki, da allurar tetanus, wani lokaci har da tiyata. Ɗauri mai tsanani kan tsayar da jini, nama ya ruɓe, a ƙare da yanke ƙafa. Ta fuskar diyya ma, mai ɗori ba ya ba da takarda. Abin da kamfanin asiransi ke dubawa shi ne takardar shaidar likita ta farko, wadda ta lissafa raunukan da kwanakin da mutum zai yi ba aiki. A nemi ta tun ranar farko. A sami leda ɗaya a riƙa zuba ordonansi, rasiɗin farmasi, hotunan ƙashi da takardar kwanciya. Kuɗin da ba shi da rasiɗi da wuya ya dawo.

Nijar tana bin dokar asiransi ta CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke tsara harkar asiransi, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Dokar ta wajabta asiransi a kan duk abin hawa mai inji, har da babur. Abin da 'yan kabu-kabu da yawa ba su sani ba shi ne, wannan asiransin fasinja da mai tafiya a ƙasa da wanda aka buge yake biya, ba ya biyan direban kansa. Direba sai ya bi asiransin wanda ya buge shi. Mai abin hawa kuma ya gaggauta sanar da kamfaninsa, domin wa'adin kan zama kwana 5 ne kawai.

Idan kamfani ya kawo tayi, kada ɗokin kuɗi ya sa a sa hannu alhali ciwo bai tsaya ba. Sai likita ya tabbatar raunin ya kai inda zai kai, ya ƙiyasta nakasar da ta rage, sannan lissafi ke fita daidai. Wanda bai iya Faransanci ba ya tafi da wanda zai karanta masa layi-layi. In an riga an sa hannu kuma tayin ya saɓa wa dokar, akwai kwana 15 na janyewa ta wasiƙa mai rajista.

Idan abin hawan ba shi da asiransi, haƙƙi bai faɗi ba, yana wuyan direba da mai shi, kuma ana iya kai ƙara babbar kotun Maradi. Wa'adin ƙarar shekara 5 ne daga ranar hatsarin, amma kada a jira, domin shaidu kan ƙaura, lambobin waya kan canza.